A Hannun Wa Za Mu Bar Yaron?

Akwai wata tambaya wadda ba ta dami kakanninmu sosai ba, amma mu ta zama mana ta kowace safiya: sa'ad da uba ya fita aiki, uwa kuma ta fita, a hannun wa za a bar ƙaramin yaro? A dā gida babba ne. Kaka tana tsakar gida, goggo tana nan, matan wa da na ƙane suna nan, yayye kuma sun cika ko'ina. Uwa ta kan goya jaririnta ta tafi gona ko rijiya, in ya isa yaye kuwa a kai shi ɗakin kakarsa. Yanzu da yawa cikinmu muna zaune a Kaduna, ko Jos, ko Kano, ko Abuja, cikin ɗaki biyu na haya, kaka kuwa tana can ƙauye, tafiyar yini guda a mota. Uwa malamar makaranta ce, ko ma'aikaciyar jinya, ko mai ɗinki, ko mai sayar da abinci a bakin tasha, in ba ta fita ba kuwa tukunya ba za ta hau murhu ba.

Domin haka gidajen reno da makarantun nazare suka yawaita cikin unguwanninmu. 'Yan'uwa su kan tambayi juna, wace makaranta ce mai kyau, nawa ne kuɗinta? Tambaya ce da ta kamata. Amma akwai wata a ƙarƙashinta da ta fi ta nauyi, ita ce mu ke so mu duba tare: sa'ad da mutum ya miƙa ɗansa ga wani, ya kuma biya kuɗi, mene ne ya sauka daga wuyansa, mene ne kuma ya rage?

Yaro ba kamar sauran ajiya ba ne

Mun saba da ba da ajiya. Mutum ya kan bar buhun masararsa a rumbun maƙwabci, ko ya kai kuɗinsa banki. In ajiyar ta ɓata, a kan yi shari'a, a biya shi. Ajiyar yaro kuwa ta bambanta ta hanya uku.

Ta fari, ba a biyan yaro. In ya ƙone, ko ya faɗa rijiya, babu kotun da za ta maido shi yadda ya ke. Ta biyu, wannan ajiya ba ta iya ba da shaida. Jariri ɗan wata takwas ba zai faɗa mana an bar shi cikin jiƙaƙƙen tsumma tun hantsi ba. Ɗan shekara uku yana da baki, amma tsawa ɗaya ta isa ta rufe shi. Ta uku, masara tana nan masara ko ta shekara a rumbu, yaro kuwa yana zama mutum cikin sa'o'in nan da ba mu tare da shi. Muryar da ya ke ji, da hannun da ke ɗaukarsa in ya yi kuka, ko rashin hannun, duka suna shiga cikin gininsa.

Masana sun ga wannan a fili a ƙasar Romaniya. Bayan faɗuwar mulkin kwaminis a 1989, duniya ta ga gidajen marayu cike da jarirai, masu reno kuwa kaɗan ƙwarai. Daga wajen shekara ta 2000 aka bi yara 136 na irin waɗannan gidaje a birnin Bukares. Aka ba da rabinsu riƙo cikin iyalai, rabin kuma suka ci gaba da zama inda su ke. Waɗanda aka ba da su riƙo, musamman kamin su cika shekara 2, suka fi sauran kaifin hankali da iya shaƙuwa da mutane. Lalle gidan marayu dabam ne da gidan reno, gama namu yaran suna komowa gida kowace yamma. Amma darasin ya shafe mu: ƙaramin yaro yana bukatar wani babba ɗaya ko biyu da suka san shi, suna amsa masa, kamar yadda ya ke bukatar abinci.

Saboda waɗannan abu uku mu ke cewa, aikin reno ana iya raba shi, amma amanar yaro ba ta sauka daga wuyan iyayensa. Kuɗin makaranta yana sayen sa'o'in wani mutum da ƙarfin hannunsa, iyakarsa ke nan. Tambayar nan, yaya ɗana ya yini, tana nan a kanmu kamar ba mu biya ko kwabo ba.

Ko uwa ta yi laifi da ta fita?

Wani zai ce, ai maganin abin mai sauƙi ne, mace ta zauna gida ta yi renon 'ya'yanta. Wadda ta sami ikon yin haka, ta kuma zaɓe shi, ta yi abu mai daraja, kada kowa ya rena ta. Amma bari mu dubi yadda zaman ya ke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a shayar da jariri nonon uwa kaɗai har wata 6. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya kuwa mako 12 ta ba mace na hutun haihuwa, sa'an nan rabin sa'a sau biyu a yini domin shayarwa. Jihar Kaduna ta ƙara wa ma'aikatanta mata hutun zuwa wata 6 a 2019, amma mai tuyar ƙosai da mai wankau ba su da wanda zai ba su hutu ko na kwana ɗaya. Wanda ya ɗora wa irin wannan mace laifi, sai ya fara faɗa mata inda za ta samo kuɗin haya.

Ban da haka, reno da hannu da yawa ba baƙon abu ba ne gare mu. Kakanninmu ma ba uwa kaɗai ke renon yaro ba. Wurin reno mai kyau kuwa ya kan tsare rai. Yara daga shekara 1 zuwa 4 suna cikin waɗanda ruwa ya fi ci a duniya, har a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gidajen reno na rana cikin hanyoyin da ta ba da shawara a bi domin hana yara nutsewa, gama yaron da ke ƙarƙashin idon babba ba ya zuwa bakin kududdufi shi kaɗai.

Abu ɗaya kuma, ya ku maza. Sau da dama uba ya kan ba da kuɗi ya ce da matarsa ta nemo makaranta, shi ke nan ya gama nasa. Akwai uban da ya san sunan makanikin da ke gyara masa babur, ya san halinsa, ya kan tsaya a kansa har ya gama, amma bai san sunan matar da ke riƙe da ɗansa sa'a tara kowace rana ba. Amanar nan ta mutum biyu ce.

Gani ya kori ji

In amanar tana kanmu, to alamarta ta fari ita ce mu je da ƙafarmu mu gani. Kada mu je ranar bikin yaye ɗalibai kaɗai, sa'ad da an yi shara an yi ado. Mu je ranar Laraba da tsakar rana, lokacin da yara sun gaji, masu reno ma sun gaji. Wurin da ya hana iyaye shiga sai da sanarwa, ya riga ya ba mu amsa.

Mu dubi ginin. Ran 13 ga Maris 2019 wani bene ya rushe a unguwar Ita Faji cikin Legas, akwai makarantar ƙananan yara a samansa, mutum wajen 20 suka mutu. Ran 12 ga Yuli 2024 benen wata makaranta ya rushe a Busa Buji cikin Jos, aka rasa rai 22. Tsagar bango, da rufin da ya lotsa, da bene da aka ɗora bisa tsohon gini, ba sai injiniya ke iya ganinsu ba.

Mu ƙirga ƙofofi. Ran 13 ga Afrilu 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makaranta a Yamai, yara wajen 20 suka mutu, yawancinsu 'yan ajin reno. Ran 8 ga Nuwamba na shekarar nan kuma haka ta faru a Maraɗi, aka rasa yara aƙalla 25, 'yan shekara 5 zuwa 6, har gwamnatin Nijar ta hana yin ajin reno da zana. Ƙaramin yaro ba ya gudu daga wuta yadda babba ke yi, ya kan tsaya yana kuka, ko ya ɓuya. Domin haka mu tambaya: in wuta ta tashi a bakin ƙofa, ta ina za a fitar da su? Ina a ke girki, ina a ke ajiye fetur na janareto, tagogi duka an toshe su da ƙarfe ne?

Mu ƙirga kawuna. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2013, ta sa mai reno ɗaya ga jarirai 10, malami ɗaya kuma ga yara 25 a ajin nazare. Wannan iyaka ce, wuce ta ɓarna ne. Ko goman ma, kowace uwa ta san hannu biyu ba su ɗaukar jarirai goma. In mun iske mace ɗaya cikin jarirai ashirin, duk ɗakin kuma shiru, kada mu yi murna da shirun. Mu tambaya ko ana ba su wani magani, mu kuma faɗa a fili cewa ba mu yarda a ba ɗanmu ko cokali ɗaya na maganin tari ko na mura ba sai da saninmu.

Mu duba ƙasa, daidai tsawon yaro. Rijiya tana da murfi? Akwai bokiti ko baho cike da ruwa a buɗe? Ruwa kaɗan ya isa ya kashe mai rarrafe. An zuba kananzir cikin kwalbar lemo an ajiye a lungu? Wannan yana cikin gubar da ta fi kai yaranmu asibiti. Akwai ruwa da sabulu kusa da makewayi, mai reno kuma tana wanke hannu bayan ta share yaro kamin ta taɓa abinci? Jarirai a rigingine a ke kwantar da su? Haka likitoci suka ce a yi.

Mu tambaya ko suna neman katin rigakafi. Tun ƙarshen 2022 cutar mashaƙo ta ɓarke a Nijeriya, Kano ce kuwa ta fi shan wahalarta. Allurar da ke tsare yaro daga gare ta ana yinta a mako na 6, da na 10, da na 14, ta ƙyanda kuma a wata na 9 da na 15. Makarantar da ba ta tambaye mu katin ɗanmu ba, ba ta tambayi na sauran yaran ba ke nan.

A ƙarshe mu tambaya, wa a ke ba yaro in an tashi? Akwai littafin da a ke rubuta sunayen waɗanda aka yarda su ɗauke shi? Ko kuwa kowane mai babur da ya ambaci sunan yaron sai a miƙa masa?

Allon bakin ƙofa

Yawancinmu allon da aka kafa a bakin ƙofa ne ke jawo mu, da launin rigar makaranta, da jin ɗan maƙwabci yana ƙirga da Turanci. A kan allon da yawa za mu ga an rubuta Montessori. Wannan sunan wata likita ce 'yar Italiya, Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yara na fari a 1907 a wata unguwar matalauta cikin birnin Roma, domin 'ya'yan ma'aikata da a ke bari ba mai lura. Hanyarta ita ce a bar yaro ya koya da hannunsa, malama tana lura da shi a hankali. Yau kowa yana iya sa mai fenti ya rubuta masa sunanta, ko da a ciki bulala ce ke koyarwa. Ɗan shekara uku da ke wasa da ƙasa, yana waƙa, yana tambaya ba tsoro, ya fi wanda ya haddace ƙirga har ɗari domin gudun duka.

Wannan magana ta shafi makarantun da ke ɗauke da sunan ikilisiya ma. Ikilisiyoyinmu da yawa sun buɗe ajin reno, waɗansu kuma suna aiki mai kyau ƙwarai. Amma suna mai tsarki a kan allo ba ya rufe rijiya, ba ya kuma gwada halin wanda aka ɗauka aiki domin shi ɗan'uwan wani dattijo ne. Makarantarmu ya kamata ta fi kowace buɗe ƙofa ga bincike. In abu ya faru da yaro a cikinta kuwa, rufe maganar domin tsare sunan ikilisiya cin amana ne sau biyu.

Kada kuma mu ce, ai mun san mutumin. A Disamba 2021 aka sace wata yarinya 'yar shekara 5 a Kano, daga baya aka sami gawarta. Wanda ya yi wannan aiki shi ne mai makarantar da ta ke karatu, Babbar Kotun Jihar Kano kuma ta yanke masa hukuncin kisa a Yuli 2022. Abin ya girgiza ƙasa har gwamnatin jihar ta soke takardun izinin dukan makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. Mun saba gargaɗin yara su guji baƙo, amma mafi yawan cutar da a ke yi wa yara daga hannun wanda suka sani ta ke fitowa. Saboda haka ƙa'idar nan tana da amfani: kada babba ɗaya ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe, ko wane ne shi.

'Yar wani

Akwai wata hanya da ta fi makaranta araha, ita ce a aika ƙauye a kawo yarinya 'yar shekara goma ko sha biyu ta yi reno. A nan ne maganar ta fi tsanani, gama domin mu tsare amanar ɗanmu sai mu taɓa amanar 'yar wani. Ita ma yarinya ce. Ita ke tashi kamin kowa, ita ke kwanciya bayan kowa, tana goye da jariri sa'ad da tsararrakinta suna aji. Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya, ta 2003, ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, ta kuma hana a ɗauki yaro aikin gida a wajen gidansu ko danginsu. Wani zai ce, ai wannan 'yar ƙanena ce, riƙo ne. Riƙo al'ada ce mai kyau, ta raya marayu da yawa. Amma gwajinsa a fili ya ke: tana zuwa makaranta kamar 'ya'yan gidan? Tana cin abin da su ke ci? In ba ta da lafiya ana kai ta asibiti? In amsar a'a ce, to sunan riƙo kawai aka ara.

Ko ta wajen lafiyar jaririn ma hanyar ba ta da kyau. Yarinya 'yar shekara goma ba ta san abin da za ta yi ba in jariri ya shaƙe ko ya suma. In kuka ya ishe ta, ga gajiya ga tsoro, tana iya jijjiga shi da ƙarfi, jijjigar nan kuwa ta kan lalata ƙwaƙwalwar jariri har abada. In hakan ta faru, wa ke da laifi, ita ko manyan da suka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta?

Haka nan kuma babbar mai reno da malamar nazare. Muna so ta yi haƙuri da ɗanmu kamar uwa, amma mu kan yi cinikin ladanta kamar cinikin tumatir da yamma. A 2024 aka sa mafi ƙarancin albashi a Nijeriya ya zama naira 70,000, sai dai dokar ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ƙananan makarantu da yawa kuwa haka su ke. Matar da ta yi wata biyu ba a biya ta ba, ta kuma bar nata ɗan a gida ba mai lura, da wace zuciya za ta rarrashi namu? Inda lada ba ta isa ba masu reno ba su daɗewa, sai yaro ya riƙa ganin sabuwar fuska kowane zango. Domin haka tambayar nan, shekara nawa malamar ta yi a nan, ta fi tambayar launin fenti amfani. Wanda ke neman mai amana, sai shi ma ya riƙe amanarta: ya biya a kan lokaci, ya zo ɗaukar yaro a kan lokaci, ya gaishe ta da mutunci a gaban yaron.

Ashe bincike ba zargi ba ne?

Wani mai kunya zai ce, in na riƙa leƙawa ina tambaya, ai mai reno za ta ga ban yarda da ita ba, zumunci kuma zai ɓaci. Akwai gaskiya cikin wannan, gama zargi mara dalili yana kashe zuciyar ma'aikaci. Amma amincewa iri biyu ce. Akwai wadda ta tsaya bisa sani: mun ga aikin mutum, mun tambayi waɗanda ya yi wa aiki a baya, muna kuma ci gaba da gani. Akwai kuma wadda ragwanci ne kawai, watau mutum ba ya so ya duba domin kada ya ga abin da zai sa shi neman wani wuri. Mai reno ta kirki ba ta ƙin idon iyaye, gama idon nan shi ne shaidarta ranar da wani ya yi mata ƙazafi. Kunya ado ce tsakanin manya, amma ba daidai ba ne yaro ya biya kuɗinta.

Shi yaron ma mu riƙa karanta shi. Kukan rabuwa na makon fari ba abin tsoro ba ne. Amma wanda ya saba, sa'an nan ya koma maƙalewa yana rawar jiki a bakin ƙofa, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko ya daina magana, ko a ga tabo inda faɗuwa ba ta kan bar tabo ba, yana faɗa mana wani abu. Mu yi masa wanka da hannunmu, mu tambaye shi a hankali, in ya faɗi abu kuwa kada mu ce ƙaryar yara ce.

Wanda ba shi da zaɓi

Mun sani akwai wadda za ta karanta wannan ta ce, duk na ji, amma abin da zan iya biya ɗaya ne tak, shi ne ɗakin nan mai jarirai ashirin. Ba mu da bakin yi mata faɗa. A nan amanar ta wuce gida ɗaya ta hau kanmu duka, gama mu ne mu ke cewa ɗa na kowa ne. Manufar ilimi ta 2013 ta sa shekara ɗaya ta share fage kamin aji ɗaya cikin ilimin tushe, saboda haka ya kamata a tambaya a firamaren gwamnati ta unguwa ko an buɗe ajin. Mata huɗu ko biyar masu sana'a suna iya yin karɓa-karɓa, ko su haɗa kuɗi su ɗauki dattijuwa ɗaya da suka sani. Zumuntar mata tana iya ɗaukar nauyin koya wa masu reno taimakon gaggawa. Ɗakunan ikilisiya da yawa suna kulle daga Litinin zuwa Asabar, alhali gwauruwa tana kulle 'ya'yanta a ɗaki ta tafi kasuwa. In za a buɗe su kuwa, a buɗe da izinin hukuma, da ƙofa biyu, da manya biyu a kowane ɗaki, da lada mai kyau ga masu aiki.

Ya ku iyaye, ba wanda zai iya tsare ɗansa daga kowace masifa, wanda kuma abu ya same shi bayan ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ta'aziyya ta kamace shi. Abin da ke hannunmu shi ne mu sani. Cikin makon nan uba da uwa su je tare, ba sanarwa, su zauna rabin sa'a a inda ɗansu ke yini. Su koyi sunan mai renonsa, su tambaye ta ko an biya ta, su ƙirga ƙofofi da kawuna. In kuwa akwai 'yar wani a gidansu, su tambayi kansu ko ubanta zai ji daɗi in ya shigo ba sanarwa. Allah ya ba mu ikon riƙon amana.